Littafin aikin ɗakin hoto: shirin sabunta lasisi

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Bayan azahar Likita, mai asibitin, ya kira ni ofis ya miƙo mini takarda. Wa'adin lasisin ɗakinmu na hoton eksire ya kusa cika, sai an sabunta shi a wurin hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, NNRA. Ya ce, "Malam, kai ka je kwas Zariya, kai za ka riƙe wannan aiki." Na ce, "To, ranka ya daɗe, amma da sharaɗin duk abin da na gani zan rubuta shi yadda yake." Ya amince.

Da na faɗa wa abokan aiki, Hajiya shugabar ma'aikatan jinya ta tambaye ni me ya haɗa hoton ƙirji da nukiliya. Tambaya ce mai kyau. Dokar da ta kafa hukumar ta 1995 ce, ta kuma fara aiki a 2001, kuma duk wani abu mai fitar da hasken da ke ratsa jiki yana ƙarƙashinta: tun daga tukunyar nukiliyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na'urorin da kamfanonin mai ke zurawa cikin rijiya, har zuwa injin eksire na ƙaramin asibiti irin namu a nan Katsina. Girman haɗarin ne ya bambanta, tarbiyyar aikin ɗaya ce. Wannan na koya a Zariya, kuma a kai zan gina wannan littafi.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na ƙidaya kaya. Babban inji ɗaya a ɗaki, ƙarami ɗaya mai tayoyi da ake kai wa majiyyaci har gado, sai wani tsoho da ya mutu tun kafin in zo, yana sito ƙarƙashin katifu. Rigunan darma masu kare jiki daga hasken eksire huɗu. Bajon awon haske, wanda ake maƙalawa a riga don auna hasken eksiren da mutum ya sha, guda uku, mu kuma masu shiga ɗakin mu biyar ne idan an haɗa da ɗalibin da ke sanin makamar aiki.

Sai littafin kula da inji. Na buɗe shi, rubutu na ƙarshe ya kai wata goma sha huɗu. Daga nan farar takarda. Ba wai ba a taɓa injin ba a tsawon wannan lokaci, ni kaina na san an canza fiyus, an gyara birkin tebur. Ba a rubuta ba ne kawai. Na daɗe zaune da littafin a hannu, saboda na san wannan giɓi zai dawo mana.

Talata, 14 ga Janairu

Rigunan darma. Na same su a ninke a kan kujera kamar sallaya. Darmar da ke cikin rigar a haɗe take da roba, kaurin kariyarta daga rubu'in milimita zuwa rabi, kuma ninki yana tsaga ta daga ciki ba tare da an ga komai a waje ba. Na shimfiɗa kowace a kan tebur na ɗauke ta hoto. Biyu lafiya lau. Ta uku da ɗan tsagu a gefen kafaɗa. Ta huɗu kuwa wani baƙin layi ya ratsa ta daidai inda za ta rufe mara. Wannan rigar ita ce aka fi sa wa iyaye mata idan za su riƙe yaro, don ta fi sauƙin nauyi.

Na cire ta daga aiki na rubuta mata alama da jan fenti. Mai walda a wajen Ƙofar Ƙaura zai yi mana marataya mai faɗin kafaɗa, in karɓa ranar Asabar.

Laraba, 22 ga Janairu

Yau na gano abin da ya fi damuna tun da na fara.

A saman ƙofar ɗakin akwai jar fitila da rubutun gargaɗi. Kowa a asibitin ya san idan tana ci ba a shiga. Na lura tun safe take ci har dare, ko ana hoto ko ba a yi. Na sa mai gyaran wuta ya buɗe, sai muka ga an haɗa ta da makunnin fitilar ɗaki ne, babu ruwanta da injin. Wato abin da take faɗa shi ne akwai wuta a ɗaki, ba wai haske na fita ba. Shi ya sa mutane suka daina kula ta. Mai shara na turo ƙofa, ɗan rakiya na leƙowa, duk fitilar na ci a kansu.

Wannan ya tuna mini darasin da malaminmu na Zariya ya fi daɗewa a kai, wato abin da ya faru a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Fensilbaniya ta Amurka, ranar 28 ga Maris, 1979, wajen ƙarfe huɗu na asuba. Wani bawul na rage matsi ya buɗe, kamar yadda aka tsara shi, amma ya ƙi rufuwa. Ruwan da ke sanyaya tukunyar ya yi ta zurarewa sama da awa biyu. A allon ɗakin sarrafawa kuwa fitila ta nuna wa ma'aikata kamar ya rufu, domin an haɗa ta ne da umarnin da aka aika wa bawul ɗin, ba da ainihin halin da yake ciki ba. Ga kuma wasu bawuloli na ruwan agaji da aka bari a rufe, har wata takardar gyara da aka rataya a allon ta kare ɗaya daga fitilun da za su nuna hakan, sai bayan kimanin minti takwas aka farga. Ƙarshenta wani ɓangare mai yawa na cikin tukunyar ya narke. Mutanen nan ƙwararru ne, suna bakin aikinsu, idonsu biyu. Fitila ce ta faɗa musu abin da ba shi ne ba.

Ba na kwatanta ɗakinmu da tashar da ke ba birane wuta. Amma aibin iri ɗaya ne, kuma na faɗa wa Likita haka. Za a haɗa fitilar da injin kai tsaye, ta kama lokacin da aka danna shirin ɗauka, ta mutu idan an gama. Za a kuma sa sakata ta ciki.

Litinin, 3 ga Fabrairu

An gyara fitilar. Na tsaya a waje, ɗalibin ya danna sau goma, sau goma ta kama ta mutu a kan lokaci. Na rubuta, mun sa hannu mu biyu.

Talata, 11 ga Fabrairu

Gwajin akwatin da ke taƙaita haske. A bakin injin akwai fitila da madubi da ke haska wurin da hoton zai faɗa, da shi muke saitin majiyyaci. Idan madubin ya goce, inda ido ke gani daban, inda hasken eksire ke sauka daban. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce gocewar kada ta wuce kashi 2 cikin 100 na tazarar da ke tsakanin bakin inji da farantin da hoton ke fita a kai, wato santimita 2 idan tazarar mita ɗaya ce.

Ana yin gwajin da sulalla tara: biyu a kowane gefe, ɗaya ciki ɗaya waje suna taɓa juna a kan iyakar hasken, na tara kuma don a gane kai da ƙafa. Matsalar ita ce yau ina za a samu sulalla a Katsina? Baba mai gadi ya ji muna magana, ya ce, "Ɗana, bari zuwa gobe." Jiya ke nan. Da safe sai ga shi da gwangwanin madara cike da tsofaffin kwabbai da ya adana tun zamanin da ake cinikin goro da su. Ya tsaya a bayan gilashi yana kallo har muka gama.

Sakamako: gefe ɗaya ya goce da santimita 3. Ma'anarsa a aikace, idan na saita ƙirjin jariri, wani ɓangare na cikinsa yana shan hasken da ba ya buƙata, can sama kuma ƙwanƙolin huhu na iya fita daga hoton, a ce a sake ɗauka. Na kira injiniyan da ke zuwa mana daga Kano. Kafin ya zo, babu hoton yara a wannan inji, da ƙaramin za a yi. Wannan hukunci ya jawo ɗan gunaguni saboda layi ya yi tsawo, amma ba zan janye shi ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ranar nan ta yi mini nauyi, zan rubuta ta dalla-dalla.

Wani daga cikin masu kula da harkokin ofis ya same ni ina haɗa takardun da za a tura. Ya ga giɓin wata goma sha huɗun nan. Ya ce, "Malam, wannan ai abu ne mai sauƙi. Ka sami biro kala biyu ko uku, ka cike wata-wata, an duba, lafiya, an duba, lafiya. Ai ba ƙarya ba ce, injin yana aiki duk tsawon lokacin." Ban ga mugunta a fuskarsa ba. Tsoronsa kada a rufe ɗakin, mutanen Mani da Kaita da Jibiya da ke zuwa mana su rasa inda za su, albashi kuma ya tsaya. Ni ma ina da wannan tsoron.

Amma ƙarya ce. Da an duba wata-wata da an ga madubin ya goce, da an ga rigar ta tsage, da an ga fitilar. Idan na rubuta "lafiya" a watannin da rigar ke tsage a jikin matan mutane, na shaida abin da ban gani ba, na kuma shafe hanyar da za a bi a gane yaushe ɓarnar ta fara.

Na ba shi labarin tashar Davis-Besse a jihar Ohayo. A watan Maris na 2002, lokacin da aka tsayar da tukunyar don canza makamashi da gyare-gyare, aka tarar ruwa mai sinadarin boron da ke ɗiga shekara da shekaru ya cinye murfin ƙarfe mai kaurin kusan santimita 15, ya yi rami, ba abin da ya rage sai wani siririn rufi na ciki da bai kai santimita ɗaya ba, shi kaɗai ke riƙe da duk matsin tukunyar. Alamu sun daɗe suna bayyana. Matatan iska na cikin ginin suna toshewa da jan gari mai kama da tsatsa, ana ta canza su akai-akai, ba wanda ya tsaya ya bi sawun inda garin ke fitowa. Bayanan da aka ba hukumar da ke sa ido kuma ba su nuna gaskiyar yadda aka duba murfin ba. Tashar ta yi shekara biyu a rufe, a 2006 kamfanin ya amince da biyan dala miliyan 28, wasu ma'aikata kuma suka gurfana gaban kotu. Ba tsatsar ce ta kai su kotu ba, abin da aka rubuta ne.

Muka je wurin Likita tare. Ya saurari kowa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Rubuta yadda yake." Na ja layi a littafin, na rubuta cewa daga wata kaza zuwa wata kaza ba a yi rubutun dubawa ba, gyare-gyaren da muka iya tabbatarwa da rasit su ne waɗannan, an kuma dawo da dubawa daga 9 ga Janairu. Na sa hannu, Likita ya sa. Mutumin ma, Allah Ya saka masa, shi ya tono mana rasitan daga ofis.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Injiniya ya zo, ya saita madubi, muka maimaita gwajin kwabbai a gabansa. Gocewar yanzu ba ta kai santimita ɗaya ba. Ya zo da na'urar auna ƙarfin abin da bututun ke fitarwa, wato ɓangaren injin da ke samar da hasken eksire. A kan wutar gari da sitabilaiza, abin da muka saita da abin da ya fito sun yi kusa, cikin kashi 5 da ake nema. A kan janareta kuwa, idan ɗakin tiyata ya kunna nasa kaya, sai ƙarfin ya faɗi, hoton ya fito fari-fari, a ce majiyyaci ya sake tsayawa. Na duba hotunan da aka maimaita a watan jiya, mafi yawansu na lokacin janareta ne. Kowane maimaici kuwa ninkin haske ne a jikin mutum.

Mun yi yarjejeniya da mai kula da janareta: kafin hoton baya ko na ƙugu, waɗanda suka fi jan wuta, zan kira shi ya tabbatar da lodi. Na koya masa abin da ake yi a tashoshin nukiliya idan za a ba da umarni: mai faɗa ya faɗa, mai ji ya maimaita, mai faɗa ya ce haka ne. Da farko abin ya yi masa baƙo, yanzu shi ke fara maimaitawa.

Da injiniyan ya buɗe akwatin wuta na injin, ƙurar hunturu ta yi dam a kan fanka kamar an zuba garin gero. Bututun eksire kusan duk wutar da ke shigarsa zafi take komawa, abin da ke zama haske bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, don haka idan iska ba ta zagayawa bututun ne zai fara mutuwa, kuma shi ne mafi tsada a jikin injin. Kafin ya sa hannu ya kashe babban makunni, ni kuma na sa ƙaramin kwaɗo na rataya kati da sunansa, makullin yana aljihunsa har ya gama. Wannan ma daga Zariya na zo da shi. A asibitin da wuta ke zuwa ba sallama, wani mai kyakkyawar niyya zai iya ɗaga makunni yana ganin taimako ya yi.

Sabon tsari: wanke matatar na'urar sanyaya ɗaki duk Juma'a daga Nuwamba zuwa Maris, ɗumama bututu kowace safiya kafin majiyyaci na farko, kuma idan aka ga matata na saurin toshewa fiye da yadda aka saba, a rubuta, a nemi dalili.

Litinin, 10 ga Maris

Azumi ya kai kwana goma, aiki ya koma safe. Na samu lokacin zama da Hajiya kan maganar masu juna biyu.

A bango akwai takardar gargaɗi da Turanci, ta koɗe, kuma yawancin matan da ke zuwa mana daga ƙauye ba za su karanta ta ba. Abin da muke yi shi ne mu tambaya a bakin ƙofa, "Akwai ciki?" Hajiya ta ce, "Malam, kai ma ka sani. Yarinya mai cikin fari, ga uwar mijinta tsaye, ga namiji na tambaya, me kake jira ta ce? Kai za ta sunkuyar ta ce babu." Gaskiyarta ce, kuma na ji nauyin shekarun da muka yi muna tambaya haka. Wata ma ba ɓoyewa ta yi ba, ba ta sani ba ne tukuna, alhali makonnin farko ne aka fi son a kiyaye.

Daga yau ma'aikaciyar jinya mace ce za ta ja ta gefe, ita kaɗai, ta tambaye ta yaushe rabonta da al'ada. Idan akwai shakka a yi gwajin fitsari kafin hoton ciki, ƙugu ko ƙasan baya, sannan Likita ya yanke ko hoton ya zama dole. An rubuta sabon gargaɗi da Hausar boko, wani malamin allo da ke maƙwabtaka da mu kuma ya rubuta mana shi da ajami da hannunsa. Na ga wata tsohuwa yau ta tsaya tana bin ajamin da yatsa, ta juya ta yi wa surukarta raɗa.

Haka kuma mai juna biyu ba za ta riƙe yaro a ɗakin ba, ko da riga. A nemo wani cikin 'yan rakiya.

Litinin, 24 ga Maris

An zo auna bango. Masanin da Likita ya ɗauko ya zo da na'urarsa mai takardar shaidar saiti, muka sa jarkar ruwa a madadin mutum muna ɗauka yana zagayawa. Bayan gilashin da muke tsayawa lafiya, ƙofa lafiya sai ɗan zirin da ke tsakaninta da dogaranta. Bangon gabas ne matsala. A nan farantin hoton ƙirji yake, wato nan hasken ke dosa kai tsaye, kuma ashe bulo mai rami aka yi ginin da shi, ba a cike shi da kankare ba. A bayan wannan bango akwai benci, kuma a nan wata baiwar Allah mai sayar da kunu da ƙosai ke zama kullum tun safe.

Iyakar da aka ɗora wa ma'aikaci irina ita ce milisibat 20 a shekara (milisibat ma'aunin hasken da jiki ya sha ne), a matsakaicin shekara biyar. Ta sauran jama'a kuwa milisibat 1 ce kacal. Ni na zaɓi aikin, ina da bajo, ana bibiyar abin da na sha. Ita mai kunun ba ta san ma akwai wani abu a bayan bangon ba. Ɗan rakiya na zama a bencin sau ɗaya ya tafi, ita kuwa shekara take yi a wurin. Lissafin masanin bai nuna abin tayar da hankali ba, amma ya nuna wurin bai dace da zaman kullum ba.

Na je na same ta da kaina. Na ce, "Inna, don Allah za mu matsar miki da benci zuwa gindin dalbejiyar can." Ta ce ko ta yi laifi ne. Na ce ko kaɗan, gyara za mu yi, kuma can ya fi inuwa. Nisa kansa kariya ne: idan tazara ta ninka, hasken na komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan salla magini zai ƙara bango na biyu da bulo marar rami, a kuma liƙa zirin darma a bakin ƙofa.

Talata, 8 ga Afrilu

An dawo daga hutun salla. An gama bango, ana jira ya bushe a sake aunawa. Sababbin riguna biyu da bajo biyu sun iso.

Laraba, 16 ga Afrilu

Sakamakon bajo na wata uku ya dawo. Na kowa ƙasa yake sosai, sai guda ɗaya da ya ɗara saura nesa ba kusa ba, wanda ɗalibin ya riƙa amfani da shi. Na kira shi gefe. Jikinsa na rawa, yana tsammanin kora ce. Da muka bi abin a hankali, ashe idan ya tashi aiki yana rataye farar rigarsa da bajon a jiki a kan ƙusa cikin ɗakin hoton, masu aikin dare kuma suna ta ɗauka. Bajon ya sha hasken da shi bai sha ba.

Na gaskata shi, amma ban goge lambar ba. Na rubuta ta, na rubuta bayaninsa da na masu aikin dare, na rubuta abin da muka canza: an kafa allon rataye bajo a ofis, nesa da ɗakin da kuma rana, kowa da ƙusarsa. Na ce masa, "Ƙanena, da ka ɓoye mini da mun wuni muna neman ɓaraka a jikin inji." Ina son yaron nan ya fita daga hannuna yana ganin faɗin kuskure abu ne da ake yi kullum, kamar wanke hannu.

Litinin, 5 ga Mayu

Masu sayen gwangwan sun zo da kura, wani ya gaya musu akwai tsohon inji a sito. Har an fara ciniki kafin labari ya iso ni. Na dakatar.

Injin eksire dai ba shi da wani sinadari mai fitar da haske a cikinsa, idan babu wuta ƙarfe ne kawai da darma da mai. Na bayyana wa kowa wannan don kada a tsorata. Amma injin yana cikin rajistar hukuma da lambarsa, ba a fitar da shi sai an sanar da ita, kuma sai an lalata bututun yadda wani ba zai haɗa shi ya buɗe ɗakin hoto a lungu ba tare da bango ko lasisi ba.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa na zauna da yaran na yi musu bayani. A watan Satumba na 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Brazil, wasu masu neman ƙarafa suka shiga wani asibitin da aka yi watsi da shi suka ɗauko kan injin gashin cutar daji. Wannan kam yana da sinadari a ciki, siziyom 137. Suka fasa, aka ga gari mai shuɗin ƙyalli cikin duhu, aka yi ta rabawa 'yan uwa da maƙwabta. Mutum huɗu suka rasu, har da yarinya 'yar shekara shida. Sai da aka auna mutane kusan 112,000, aka samu 249 da garin ya taɓa, aka rushe gidaje. Yaranmu masu tura kura ba za su bambance injin da ke da sinadari da wanda ba shi da shi ba. Na zana musu alamar nan mai fuka-fuki uku a ƙasa, na ce duk ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa da suka gani da wannan alama, kada su fasa, kada su kai gida, su matsa nesa su sanar da hukuma. Babbansu ya ɗauki hoton zanen da wayarsa, ya ce zai nuna a wurin awo.

Talata, 20 ga Mayu

Jami'an hukumar sun zo, su biyu, tun ƙarfe goma har bayan la'asar. Sun auna bangon gabas da kansu, ya wuce. Sun gwada fitila da sakata, sun duba riguna, sun nemi takardun rajistar kowane mai ɗaukar hoto, sun tambayi ɗalibin abin da zai yi idan injin ya ƙi tsayawa bayan ya saki maɓalli. Ya amsa daidai: ya kashe babban makunni, ya fitar da majiyyaci, ya kira ni, ya rubuta.

Da babban cikinsu ya iso shafin giɓin nan sai ya tsaya. Ya karanta bayanin, ya duba rasitan ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi wanda ya rubuta. Na ce ni ne, yallaɓai. Ya sa giɓin cikin abubuwan da aka samu, kamar yadda ya kamata, ya kuma rubuta a gefensa cewa an riga an ɗauki matakin gyara. Daga nan tambayoyinsa suka koma na yadda za a hana maimaituwa: wa zai duba idan ba na nan, wa zai duba cewa an duba.

Sun bar mana abu uku. Ƙaramin injin mai tayoyi ba a yi masa cikakken gwaji irin na babba ba, kuma igiyar maɓallinsa ba ta kai mita biyun da mai ɗauka zai ja baya ba. Dokokin ɗaki da na rubuta suna cikin fayil, ana so a manna su inda kowa zai gani. Sai kuma a naɗa mataimaki a rubuce.

Alhamis, 22 ga Mayu

Likita ya sa hannu a takardar naɗa mataimakiya, abokiyar aikina mai aikin dare. Na manna dokokin da Hausa da Turanci a bayan gilashi da bakin ƙofa. Injiniya ya ce zai zo da doguwar igiya da na'urar awonsa mako mai zuwa, kafin hidimar babbar salla ta kankama. Wasiƙar sanar da hukuma game da tsohon inji tana kan teburin Likita.

Da yamma hadari ya fara haɗowa ta gabas, kuma na ga tabon ɗigar ruwa na bara a silin, daidai saman akwatin wutar babban inji. Gobe da safe ni da kafinta za mu hau rufin.